Haƙora Uku a Bakin Kik

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta makanikai da masu gyaran wutar mota. Mataimakinsa da sakatare da sauran 'yan kwamiti. Babban baƙonmu, wakilin kamfanin katako, wanda ya baro aikinsa ya zo ya zauna da mu. Dattawan sana'a, waɗanda hannayensu suka riga nawa shiga baƙin mai. 'Yan'uwanmu masu sayar da kayan gyara, da na ga sun cika layin gaba kamar yadda suka saba. Direbobi manya da ƙanana. Iyayenmu mata da matanmu da ke zaune can wajen taga. Da duk wanda ya shigo wannan zaure don ya ji ko don ya gani, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, sannunku da zuwa, sannunku da zama.

Ina godiya ga Allah da ya ba ni shekara arba'in da ɗaya a cikin wannan sana'a da yatsuna goma cif. Ina godiya ga maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ina kuma godiya ga kwamiti saboda wannan takardar yabo da aka miƙo mini ɗazu, an sa ta cikin gilashi, an rubuta sunana da ruwan zinare, an ce wai ni ne gwanin kik na wannan ƙungiya. Na karɓa da hannu biyu domin ba a koya mini mayar da hannun manya ba. Abin da zan yi da ita, za ku gani kafin in sauka.

A takardar tsarin taro an rubuta cewa zan yi magana kan yadda haƙoran kik ke shafar tashin inji. Da na iso, sakatare ya ja ni gefe ya ce in taƙaita, in kuma tsaya a kan ƙarfe. To, zan tsaya a kan ƙarfe, har ƙarfen ma na zo da shi a aljihu. Taƙaitawa kam, sai dai ku yi haƙuri da tsoho.

Magana ta farko don baƙinmu ce, waɗanda ba sa shiga ƙarƙashin mota. Inji ba ya iya tayar da kansa. Komai girmansa, komai tsadarsa, sai an juya shi tukuna, ya shaƙi iska, ya matse ta, mai ya kama, sannan ya ci gaba da kansa. Abin da ke yi masa wannan juyin farko shi muke kira kik, ɗan injin lantarki ne da ke shan wuta daga batir. A bakin kik akwai guntun ƙarfe mai haƙora, za ka iya dunƙule shi a tafin hannu, sunansa bendis. A bayan inji kuma akwai babban faifan ƙarfe, shi ma da haƙora kewaye da bakinsa, sunansa fulawil. Idan direba ya murɗa makulli, ƙaramin ya zabura ya cusa haƙoransa cikin na babban, ya juya shi, inji ya kama, sai ƙaramin ya janye ya koma wurinsa. Idan komai lafiya, kafin direba ya gama gyara zama an gama wannan aiki, shi ya sa ba wanda ke tunawa da kik sai ranar da ya gaza.

Magana ta biyu lissafi ce, kada ku tsorata, ni ma ban yi nisa a makaranta ba. Ku ɗauki faifai mai haƙora ɗari da arba'in da huɗu. Ban zaɓi wannan adadi don daɗin faɗa ba, da alli na ƙirga shi, haƙori bayan haƙori, ina kwance a kan kwali. Idan bendis ɗin da ke juya shi haƙora tara gare shi, sai ya juya sau goma sha shida kafin babban faifan ya kewayo sau ɗaya. Idan kuwa haƙora goma sha biyu gare shi, juyi goma sha biyu ya ishe shi. Mai ji daga nesa zai ce ai mai goma sha biyun ya fi, tunda ya fi saurin gama aiki. Amma ku masu riƙe sifana, in tambaye ku, idan noti ya kafe ya ƙi kwancewa me kuke yi? Bututu kuke zurawa a ƙotar sifanar, hannunku ya yi doguwar tafiya, notin ya motsa ɗan kaɗan, amma dai ya motsa. To juyi goma sha shida dogon bututu ne, juyi goma sha biyu guntu ne. Wanda ya cire mai tara ya sa mai goma sha biyu, ya zare wa kik kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da yake isarwa ga inji, ko ya sani ko bai sani ba.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce tsoho ya ce a yi ta rage haƙora. Injin dizal ba shi da fulogin da zai kunna masa wuta, zafin matsewar iska kaɗai ke kama man. Idan an juya shi a hankali fiye da kima, zafin ya tsere ta jikin ƙarfe kafin man ya iso, sai ka yi ta murɗa makulli kana ganin farin hayaƙi har batir ya mutu. Ana son ƙarfi, ana kuma son gudu, kuma kowane inji da gwargwadon da ya dace da shi. Waɗanda suka ƙera shi sun zauna sun auna nauyinsa, sun auna matsewarsa, sun auna kaurin baƙin mai da sanyin safiya, sannan suka ce tara. Wasu kik ɗin ma a can cikinsu akwai wasu ƙananan haƙoran da ke rage gudu su ƙara ƙarfi, ba ka ganinsu sai ka kwance shi. Sai a kawo maka kik biyu, jiki ɗaya, fenti ɗaya, ramukan noti ɗaya, aikinsu kuma ko kusa bai zo ɗaya ba.

Magana ta uku a kanmu take, mu masu wannan sana'a, kuma ina sa kaina a gaba. Tambaya biyu muke yi wa sabon kik, tun daga zamanin maigidana har yau. Ta farko: ya zauna? Wato ramukansa sun yi daidai da na inji, noti ya shiga. Ta biyu: yana da rai? Wato a ajiye shi a ƙasa, a take shi da ƙafa, a taɓa masa wayar batir, ya zabura ya yi ƙara. Shi ne gwajin ƙasa da muke alfahari da shi. In ya zauna, in yana da rai, shi ke nan, a ɗaure. Kai, har wanda ya fi ƙara da tsalle shi muke cewa ya fi lafiya! Alhali kik ɗin da ke kwance a ƙasa ba abin da yake juyawa sai iska. Ba mu taɓa tambayarsa ko zai iya ɗaga inji mai sanyi ba, ba mu taɓa sa yatsa mun ƙirga haƙoransa ba, aikin da bai kai tsawon hamma ba. Mai kayan gyara ya ce mana iri ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta, mu ce to. Ba na zarginku, 'yan layin gaba, ku daina kallon juna. Ku sayarwa ce sana'arku. Ƙirgawa tamu ce, mu muka bar ta.

Yanzu na zo kan magana ta huɗu, wadda saboda ita na yarda na hau nan.

Da yawanku kun san ƙanin mai ɗakina, direban da ake kira Mai-tsumma. Ya sami sunan ne domin ba a taɓa ganinsa babu tsumma a kafaɗa ba, yana goge injin motarsa kamar za a ci abinci a kai. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar kashe gobara ta kamfanin katako. Ni na kai shi wurin, ni na tsaya masa, na ce da su wannan yaro nawa ne, in ya yi ba daidai ba a neme ni. A cikin shekarun nan duka, kowace safiya sai ya duba ruwan batir, ya duba mai, ya duba taya, kafin ya sa komai a bakinsa. Motar ta tsufa a hannunsa, amma ba ta taɓa kwana da datti ba.

Bara kik ɗin motar ya ƙone, aka kawo ta babban garejin ƙungiya, domin mu ke riƙe da gyaran motocin kamfanin. Aka nemo sabo. Ya zauna. Aka take shi a ƙasa, ya yi tsalle ya yi ihu, yana da rai. Aka ɗaure shi da tsakar rana, inji da ɗumi, batir cike, aka murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Aka jefa tsohon kik ɗin cikin akwatin tarkace da ke ƙarƙashin benci, kowa ya wanke hannunsa.

Bayan mako biyu Mai-tsumma ya zo ya same ni ina kan aiki, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, muryar kik ɗin nan ta sauya. Da safe nishi yake yi kafin ya juya." Kun san abin da na ce masa? Ban ko ɗago kai ba. Na ce sabo ne, zai saba, ya je ya kula da batirinsa. Ƙarfe zai saba! Ni da shekara arba'in a kan aiki, wannan magana ta fito daga bakina, shi kuma ya ce to, Yaya, ya tashi ya tafi, domin bai taɓa yi mini musu ba tun yana ɗan makaranta.

Sauran labarin kun ji shi, amma kun ji shi a karkace. An yi kwana uku ana ruwa, gari ya yi sanyi, baƙin mai ya yi kauri a cikin inji. Da sanyin safiya wayar lantarki ta haɗu a babban ɗakin ajiyar katako, wuta ta kama. Aka buga ƙararrawa, Mai-tsumma ya riga kowa shiga mota. Ya murɗa makulli, kik ya cusa haƙora, ya yi nishi, ya tsaya. Ya sake murɗawa, ya yi nishi, ya tsaya. Ya yi ta murɗawa har batir ya sauka, ga wuta yana kallonta ta gilashi, tsakaninsa da ita bai fi taku ɗari biyu ba, ga ruwa cike da tanki a bayansa. Sai ma'aikata suka taru a bayan motar suna ihu, a tura, a tura. Mutum talatin suna tura motar kashe gobara cikin taɓo, tana zamewa, mutanen unguwa sun taru a bakin ƙofa suna kallo. Kafin ta tashi rufin ya faɗa. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma katakon ya tafi, kuma mutum arba'in aka sallama gida saboda babu abin da za su yi aiki da shi.

Kamfani ya kafa kwamitin bincike. Aka kira gareji a ji ta bakinmu, aka tura ni. Na tsaya a gabansu da farar rigata na ce kik sabo ne, an gwada shi, yana da rai. Aka sa wa motar wani batir da rana tsaka, ta tashi nan take, kowa ya gyaɗa kai. Aka rubuta cewa direba ya yi sakaci ya bar batir ya mutu. Wasu ma a bakin titi cewa suka yi ya sayar da batirin kirkin ya sa tsoho. Aka kore shi da takarda mai kalmar sakaci a layin farko, kuma duk inda ya kai takardar neman aikin tuƙi, labarin ya riga shi isa. Sunan Mai-tsumma ma an karɓe masa. Yanzu in ya wuce ta tashar mota, A-tura ake kiransa, kuma wasu daga cikin masu kiran suna zaune a wannan zaure, na ga sun sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ci mini rai, ya zo gidana bayan korar. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa kujera. 'Yar'uwarsa tana kuka a ɗaki. Ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Kai ka tsaya mini, na ba ka kunya." Ni kuma, Allah ya gani, na yi masa nasiha. Na ce a riƙa kula da amana. Na yafe masa, jama'a. Ni na yafe masa.

Wata uku da suka wuce sabon direban ya dawo da motar, ya ce tana yi masa wuyar tashi da safe. Sai na kwance kik ɗin da hannuna, na sa babban yatsa a kan bendis na ƙirga: goma sha biyu. Na durƙusa na jawo akwatin tarkace, na zazzage shi a ƙasa, na tono tsohon kik ɗin da ya ƙone, na ƙirga: tara. Na sake ƙirgawa, na goge tabarau na sake. Tara dai. Sai na shiga ƙarƙashin motar da alli na ƙirga faifan, ɗari da arba'in da huɗu. Na daɗe a kwance a wurin ban fito ba, har aka leƙo a ga ko lafiya.

Ranka ya daɗe shugaba, ka san a ranar na zo ofishinka na ajiye maka ƙarafan nan biyu a kan tebur. Na roƙi ƙungiya ta rubuta wa kamfani takarda ta ce laifin daga garejinmu ne. Ka saurare ni, ka ba ni ruwa, ka rufe ƙofa. Ka ce a sauya kik ɗin a hankali ba tare da hayaniya ba, ka ce abin da ya wuce ya wuce, ka ce sunan ƙungiya ya fi sunan mutum ɗaya nauyi, kuma bakuna da yawa ke ci daga aikin kamfanin. Na dawo sau biyu, aka ce kwamiti zai zauna. Kwamiti ya zauna kuwa, abin da ya fito daga zaman shi ne wannan takardar yabo. Ni ba yaro ba ne, na san abin da ake nufi da ita. Kuma don kada in ɗora muku duka, ni ma na yi shiru wata uku. Ina ci, ina sha, ina kallon mai ɗakina tana ɗiban hatsi daga namu tana aikawa gidan ƙaninta a ɓoye, tana jin nauyin kada in gani, ban buɗe baki ba.

Mai-tsumma ya nemi kamfani ya sake duba maganarsa, kuma jibi ne zaman ƙarshe. Idan jibi ta wuce ba a kawo sabuwar hujja ba, an rufe fayil ɗin, kalmar sakaci ta zauna a kansa har kabarinsa, 'ya'yansa su gaje ta. Saboda haka roƙona uku ne, kuma a gaban jama'a nake yin su domin na gaji da rufaffiyar ƙofa.

Na ɗaya, ranka ya daɗe, ga ƙarafan nan, na sake ajiye maka su. Ka ɗauka ka ƙirga da yatsanka, ka faɗa da ƙarfi yadda na bayan zaure za su ji. Ba sai yanzu ba, ina iya jira har in gama, amma ba za a tashi daga taron nan ba sai an ƙirga.

Na biyu, babban baƙonmu wakilin kamfani, kunnenka ya ji, idonka ya gani. Ko ƙungiya ta rubuta takarda ko ba ta rubuta ba, jibi da safe za ka same ni a bakin ƙofarku da waɗannan ƙarafa da allina. A bar motar ta kwana a waje, a mayar mata da mai goma sha biyu a murɗa, a sa mai tara a murɗa, kowa ya gani. In kun ga dama ku ƙwace aikin daga hannunmu, wannan naku ne. Amma ku goge kalmar nan daga takardar bawan Allah, domin batirinsa lafiya lau yake a ranar, murɗawar banza ce ta cinye shi.

Na uku gare ku ne, abokan sana'a. Daga yau a ƙara tambaya ta uku a kowane gareji. Ya zauna, mun ji. Yana da rai, mun ji. Haƙoransa nawa? Kada a jefar da tsohon kik sai an ajiye shi kusa da sabon an ƙirga, an duba lambarsa. Kuma idan direba ya ce muku muryar motarsa ta sauya, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurare shi, domin shi ke jin ta kowace safiya.

Tun ɗazu ina ta cewa aka nemo, aka take, aka ɗaure, kamar aljani ne ya yi aikin. Uwar 'ya'yana, kina can wajen taga, kin yi ado kin zo ganin an karrama mijinki. Ban iya faɗa miki a gida ba, na gwada, harshena ya ƙi. Ni na karɓo kik ɗin. Ƙafata ce ta take shi a ƙasa, hannuna ne ya ɗaure shi a motar ƙaninki, bakina ne ya ba da shaidar da ta kore shi. Shekara guda kina jin kunyata saboda shi, alhali ni ya kamata in kasa haɗa ido da ke. Sakatare, zo ka karɓi gilashinku. Gwanin kik da bai ƙirga tara ba, ba shi da bangon da zai rataya wannan.

Mai-tsumma, na gan ka tun da aka fara, kana tsaye a bakin ƙofa ta baya, ka zo taya Yayanka murna, ka kuma kasa shigowa cikin direbobi. Yafiyar da na yi maka ran nan, ka dawo mini da ita, ba ni da hurumin ba da ita. Ni ke neman taka, kuma in ka hana ni ba ka zalunce ni ba. Direbobi, ku matsa ku ba shi kujera a tsakiyarku. Ƙanena, shigo ka zauna.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya mayar wa wanda aka zalunta mutuncinsa, ya buɗe wa mutum arba'in ɗin nan ƙofar abinci. Allah ya ba shugabanninmu zuciyar gyara, ya tsare hannayenmu daga aikin gaggawa, ya tsare bakunanmu daga shaidar abin da ba mu tabbatar ba. Allah ya jiƙan magabatanmu a wannan sana'a, ya yi wa zuriyarmu albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.